Lens ɗinka lafiyarsa ƙalau, ka duba makunni na biyu

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Wata biyar cur ba ka ce min uffan ba, sai da lens ɗin kyamararka ya hana ka barci ka tuna ina raye. Ba komai, na rubuta a littafin bashi. Saƙon muryar nan naka mai minti bakwai rabinsa mita ce a kan wanda ya sayar maka da kayan, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto maka a tsanake kafin ka je ka ci mutuncin bawan Allah a banza. Kada ka mayar da lens ɗin nan. Lafiyarsa ƙalau.

In na fahimce ka, ƙorafinka biyu ne. Tattabara ta sauka a kan katanga, taku huɗu ko biyar daga inda kake, ka danna ka danna, lens ya yi kunnen uwar shegu. Da ka tattaɓa makunnan gefe ya dawo yana kamawa, sai kuma ya ɓullo da sabon hali: ka ɗaga shi kan shaho a sama, komai ya narke ya zama hazo, yana ta zarya ciki da waje har shahon ya yi tafiyarsa. Kai a ganinka cuta biyu ce. Makunni ɗaya ne ya jawo duka biyun.

Ɗauko shi yanzu ka duba gefen hagu. Naka Nikon 200-500mm f/5.6 ne, wanda ya fito a 2015, makunnai huɗu ke jere a jikinsa. Na sama M/A da M, wato ko kyamara ta nemo fokas da kanta ko kai ka murɗa da hannu. Na uku yana kunna VR mai hana rawar hannu, na huɗu yana zaɓar NORMAL ko SPORT. Na biyun shi ne abokin rigimarka: gefe ɗaya an rubuta FULL, ɗaya gefen ∞-6m. Wannan takwas ɗin da ke kwance ita ce alamar ƙurewar nisa. Ni dabaibayi nake kiran makunnin, domin aikinsa ke nan. A kan FULL lens yana da izinin neman fokas tun daga mita 2.2 har ƙarshen gani. A kan ∞-6m an ce masa kada ya leƙa abin da bai kai mita 6 ba. Tattabararka tana wajen mita uku da rabi, dabaibayi kuma yana ɗaure, to me kake so ya yi? Ya bi umarni ne. Da ka kwance shi gaba ɗaya ka nuna masa sararin sama, sai ka ba shi fili mai faɗin da zai ɓata a ciki.

Dalilin ɓatan shi ne abin da nake so ka gane, don in ka gane shi ba sai ka haddace komai ba. A dogon lens irin wannan, abin da ya fita daga fokas sosai ba dishi-dishi kawai yake yi ba, ɓacewa yake yi ɗungurungum. Kyamara kuwa da gefuna take aiki, inda haske da duhu suka haɗu. In ta ga gefen, ko da ya ɗan narke, ta san ta ina za ta tura gilashin da kuma nawa za ta tura shi, sai ka ji ƙit, ya kama. In ba ta ga komai ba, kamar lokacin da ɗigon fokas ya zame daga jikin tsuntsu ya faɗa kan shuɗin sama, ba ta da dabarar da ta wuce lalube: ta kora gilashin har ƙarshe ɗaya, ta juyo da shi har ɗaya ƙarshen, ko Allah zai sa ta ci karo da wani abu a hanya.

Hanyar nan kuma ba a raba ta daidai ba. Leƙa ƙaramar tagar nan mai lambobin nisa a saman lens, ka murɗa zoben fokas a hankali. Za ka ga lambobin nesa sun cunkushe a jikin alamar takwas, na kusa kuwa kowace ta samu fili ta miƙe ƙafa. Gilashin yana ɗan motsi kaɗan ne tsakanin mita 20 da ƙurewar nisa, amma tsakanin mita 2.2 da mita 4 tafiya ce mai tsawo. In kana son lissafi, raba ɗaya da nisan: ɗaya bisa 6 ya ba ka wajen 0.17, ɗaya bisa 2.2 ya ba ka wajen 0.45. A ƙiyasi ke nan, daga ƙurewar nisa zuwa mita 6 bai fi kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya na hanyar ba. Sauran duk tana cikin 'yan mitocin da ke gaban hancinka, inda shaho ba zai taɓa zuwa ba. Dabaibayi wannan dogon ɓangaren yake yankewa. Injin fokas ɗin bai ƙara gudu ko kaɗan ba, hanyar laluben ce ta gajarce, kuma ko ya ɓata, hoton ba ya narkewa har ka kasa ganin tsuntsun a madubin leƙe. Wannan na ƙarshen ya fi saurin muhimmanci a wurina, domin abin da ido bai gani ba hannu ba ya iya bi.

Af, kafin in manta: ɗan autanku ya zo ya karɓi mai ƙafa ukun nan na ɗora kyamara da sunan kwana biyu. Ka san kwana biyun gidanku. Ka ce masa farantin da ake ɗaurawa a ƙasan kyamara ma yana wurinsa, kada ya dawo da ɗaya ya bar ɗaya kamar wancan karon.

To yadda za ka riƙa yi. Kafin ka ɗaga kyamara, tambayi kanka: abin da nake jira, ina ne mafi kusa da zai iya zuwa? In ba zai ƙetaro mita 6 ba, ɗaure dabaibayi. Mita 6 wajen taku takwas ne na tafiyar yau da kullum, ka auna sau ɗaya da ƙafarka idonka ya riƙe. Tsuntsu a sama, 'yan ƙwallo a tsakiyar fili, jirgi, dabba a hayin ruwa, duk ∞-6m. Ƙananan tsuntsaye a reshen da ke kusa, fure, fuskar mutum, ƙadangare a bango, FULL. Ka kuma sani ba daga bakin lens ake auna nisan ba. A saman kyamara akwai wata 'yar alama, da'ira da layi ya ratsa ta, nan ne sensa mai karɓar hoto take, daga nan ake ƙirga. In ka zuƙo zum har 500 ka sa hular baki, tsakanin alamar nan da bakin hular ya kusa rabin mita, don haka mita 2.2 ɗin ta fi kusa da yadda kake zato.

Wani wurin da yake ceton rai shi ne inda akwai shinge tsakaninka da abin ɗauka: waya, ragar bayan mai tsaron gida, ciyawa mai tsayi, rassan da ke gabanka. A kan FULL kyamara tana son abin da ya fi kusa kuma ya fi kaifin gefe, sai ta cafke wayar ta bar maka damisa a hazo. In wayar tana cikin mita 6, dabaibayi ya haramta mata ita. Matsa jikin wayar iya yadda aka yarda, buɗe ƙofar haske a f/5.6, zuƙo zum, wayar za ta narke har kusan ba a ganinta. Amma in shingen yana mita 8, makunnin ba shi da abin da zai yi maka, sai dai ka ƙanƙance ɗigon fokas ka ratsa ta rami.

Sai dabarar da ke tafiya tare da shi. Sa kyamara a AF-C, mai bin abin da ke motsi. Kafin tsuntsun ya iso, saita kan wata bishiya ko ƙasa mai nisa kwatankwacin inda kake sa ran zai bi, ka ɗan taɓa maɓalli fokas ya zauna can. In ya shigo, ka fara samo shi a madubin leƙe tukuna, sannan ka danna. In ɗigon ya zame, ɗaga yatsa nan take, kada ka ci gaba da dannawa kana taya lens lalube. Maido ɗigon jikinsa ka sake dannawa. Abin ya fi sauƙi in ka mayar da fokas kan maɓallin AF-ON na baya, babban yatsa na saiti, manuni na ɗauka. In ka kasa samo shi a 500, ja zum baya zuwa 300 ka same shi, sannan ka zuƙo, amma ka sake fokas bayan kowane zum, domin yana ɗan gocewa. In kuma abu ya faɗo gabanka ba zato ba tsammani alhali dabaibayi na ɗaure, neman fokas na kyamara kaɗai ya hana. Zoben hannu yana nan, murɗa shi kawai.

Ka ji Oga mai jar jaka ya sayar da komai ya koma kyamara marar madubi? Yanzu in ya ga mai madubi sai ya yi masa kallon tausayi. Ya ce tasa idon tsuntsu take bi da kanta. Gaskiya ne tana bi, amma sai ta ga tsuntsun tukuna, in hoton ya narke ita ma lalube take yi. Shi ya sa Sony 200-600mm, da aka yi don marar madubi a 2019, har matsayi uku aka ba makunninsa: FULL, da mita 2.4 zuwa 10, da mita 10 zuwa ƙurewa. Sigma 150-600mm Contemporary ma uku ne, ɗaya daga cikinsu mita 2.8 zuwa 10. Wannan na kusa-kusan shi ne abin da naka ya rasa, kuma yana da daɗi in kana ɗaukar ƙaramin tsuntsu a reshe, don yana hana fokas tserewa zuwa bishiyoyin baya. Canon 100-400mm na biyu kuwa a mita 3 yake yankewa, shi da yake iya matsowa har ƙasa da mita ɗaya. Olympus E-M1 Mark II ma a cikin kyamarar ake rubuta nisan da ake so, daga kaza zuwa kaza. Saboda haka in ka ari lens ɗin wani, karanta lambar da ke jikinsa, kada ka ɗauka ko'ina 6 ce. Malam dai yana nan kan bakansa, wai ƙafa ita ce zum. Ka ce masa ya taka zuwa wurin shaho mu gani.

Hotuna ukun da ka turo kuma, kada ka ɗora wa makunnin laifinsu, ba ya ƙara wa hoto kaifi ko ɗigo. Na farko a gudun shata 1/250 na daƙiƙa ka ɗauka. VR rawar hannunka yake gyarawa, ba ya tsayar da fiffike. Tsuntsu a sama yana son 1/1600 ko 1/2000, ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya hau, ƙurajen hoto sun fi narkewa sauƙin magani. Ka sa VR a SPORT in kana bin abu mai gudu, hoton ya fi zama wuri ɗaya a ido tsakanin ɗauka da ɗauka. Na biyu fokas ya kama, amma a wutsiya. A 500mm da f/5.6, kan cikakkiyar sensa, kaurin wurin da ke fitowa tar a mita 10 wajen santimita 13 ne kacal, a mita 6 bai kai santimita 5 ba. Ɗigon a kan ido ko kai, in haske ya ishe ka rufe zuwa f/8. Na ukun kuwa, wanda ka ɗauko daga can nesa da tsakar rana ta saman kwalta, iskar zafi ce ke rawa tsakaninku. Dubi sandar fitilar da ke bayan, ta yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar an zana ta a ruwa. Babu lens ɗin da ke maganin wannan, sai sammako ko matsowa.

Na ji kana zancen ƙara masa kwanbata 1.4, gilashin nan da ake sawa tsakanin lens da kyamara don ƙara zum. Zai kai ka 700mm, amma f/5.6 ta koma f/8, hasken da ke isa wurin fokas ya ragu da rabi, kyamarori masu madubi da yawa kuma 'yan ɗigon tsakiya kaɗai ke aiki a f/8. Lalube zai ƙaru, dabaibayi ya zama dole. Ni dai da ka bari sai hannunka ya faɗa da 500 tukuna. Kuma don Allah, lens ɗin nan kilo 2.3 ne, ka riƙe shi ta ƙafarsa, ka ɗaura shi a kan mai ƙafa uku ta ƙafarsa, kada ka bar shi yana reto a bakin kyamara. Wato in ɗan autanku ya dawo da ita.

Duk lokacin da za ka mayar da shi jaka, dawo da zum 200 ka kulle, makunni na biyu kuma ka tura shi FULL. Yakan goce da kansa ma in ya gogi jaka ko riga, don haka ranar da ya sake ƙin kama abu na kusa, nan za ka fara kai yatsa kafin ka fara naɗar min wani minti bakwai. Akwai wata tambaya da ka yi a ƙarshen saƙon, ta jaka ce ko ta batir, ta shige min, ka sake turowa. Ka gaishe min da uwargida da yara, ka ce wa babban ya daina taɓa gilashin gaba da yatsa, na ga shaidarsa a hoto na biyu.

Naka,
abokinka