Gadar sama ta yi kyau, amma ina bas ɗin talaka?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana kan sufuri a birnin Kano.

Babu mai musun an yi aikin titi a garin nan. Ga gadar Ƙofar Nasarawa ta zamanin Kwankwaso, ga ta Hotoro ta zamanin Ganduje, ga kuma na Tal'udu da Ɗan'agundi da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauko. Allah ya saka da alheri. Sai dai, ranka ya daɗe, yawancin Kanawa ba su da motar da za su hau gadar da ita. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin zuwa wurin nema da dawowa.

A 2005 gwamnatin Malam Shekarau ta kawo adaidaita sahu domin mata su huta da hawan acaɓa. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013, sai duk nauyin birnin ya koma kan wannan ɗan keke mai ƙafa uku, wanda kujerarsa ta mutum uku ce kacal. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa, kuɗin hawa ya yi tashin gwauron zabi. Yaron shago da ke fitowa daga Rijiyar Zaki zuwa Kantin Kwari, da mai jinya da ke kai abinci asibiti, da ɗalibin Jami'ar Bayero, kowa sai ya yi lissafi kafin ya ɗaga hannu. Wasu sun koma takawa a ƙafa cikin rana. Ban ga laifin direban ba, shi ma balas yana jiransa da yamma, ga mai, ga haraji, ga iyali.

An taɓa gwadawa. A ƙarshen 2022 gwamnatin jiha ta fito da bas ɗari da ake kira motocin Kanawa, aka kuma hana 'yan adaidaita bin wasu manyan tituna, amma ba a je ko'ina ba aka janye dokar saboda jama'a sun rasa abin hawa. An fara da hani tun motocin ba su wadata ba, kuma bas ɗari ba za ta ɗauke birni mai miliyoyin mutane ba.

Roƙona shi ne a sa manyan bas a titin Zariya daga Unguwa Uku, da titin Katsina daga Dawanau, da titin Gwarzo, da kuɗi tsayayye da kowa ya sani, da rumfar jira a kowace tasha. A tanadi gareji da makanikai da kayan gyara tun ranar farko, domin rashinsu ne ke kwantar da motocin gwamnati. 'Yan adaidaita su riƙa kwaso mutane daga cikin unguwanni zuwa bakin titi, babu wanda zai rasa abincinsa.

Su kuma ƙananan hukumomi, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a ba su kuɗinsu kai tsaye. Titunan cikin unguwa nasu ne, kuma kwaltar da babu magudanar ruwa a gefenta ba ta jure damina. Ina kira ga 'yan majalisar dokokin jiha su tambayi nawa aka ware wa bas da magudanai kafin su amince da kasafin kuɗi na gaba.

Wassalam.

Daga mai karatunku a Kurna, Kano.