Farfesa Dennis Lo da allurar da aka hutar da masu ciki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana a kan wani likita mai bincike ɗan Hong Kong, Farfesa Dennis Lo. Na tambayi abokan aikina da dama, waɗanda suka san sunansa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, alhali aikinsa ya shafi duk wata mai juna biyu.

Ni ungozoma ce, na daɗe a ɗakin awo. Har gobe ba na manta ranar da na riƙe hannun wata baiwar Allah ana soka mata doguwar allura ta fatar ciki har cikin mahaifa, don a ɗebo ruwan da ɗan tayi yake kwance a ciki a gwada lafiyarsa. Hannunta sanyi ƙalau, idonta a kan na'urar hoton ciki, sai maimaitawa take yi: "Sista, ba za ta taɓa shi ba ko?" Wannan gwaji yana da ɗan haɗarin ɓari. Kaɗan ne, amma je ka faɗa wa wadda ta shekara da shekaru tana neman haihuwa cewa kaɗan ne.

Don a kauce wa wannan allura, masana sun daɗe suna farautar ƙwayoyin jikin ɗan tayi a cikin jinin uwa, su kuwa ƙwayoyin ƙalilan ne ƙwarai, samunsu sai an sha wuya. A 1996 aka wallafa cewa ana samun ɓurɓushin DNA (sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki) na ciwon daji yana yawo a ruwan jinin masu cutar. Sai Lo ya yi tunani: idan ƙari yana zubar da nasa a jini, me zai hana abin da ke girma a mahaifa? Ya koma kan ruwan jinin nan na masu ciki da ake tacewa a yar, ya tafasa shi, ya nemi alamar halittar namiji da ake kira Y, wadda uwa ba ta da ita. Cikin mata 30 masu ɗauke da 'ya'ya maza ya same ta a jinin 24, cikin 13 masu ɗauke da mata kuwa ko ɗaya babu. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 1997.

Daga baya aka gane cewa daga mabiyiya wannan DNA yake fitowa, kuma da an haihu, jim kaɗan sai ya ɓace daga jinin uwa, don haka cikin baya ba ya rikita gwajin cikin gaba. A 2011 aka fara gwada lalurar Down, wadda ake haifar yaro da ita take kuma jinkirta girmansa da fahimtarsa, ta wannan hanya. Daga mako na 10, jini kawai za a ɗiba a hannu kamar na kowane awo. Haka kuma ana iya sanin rukunin jinin jariri idan na uwa RhD negatif ne, wato ba shi da wata alama da jinin yawancin mutane yake da ita, abin da ke da muhimmanci, domin saɓanin jinin nan kan jawo wa jariri ciwon shawara mai tsanani da ƙarancin jini.

Sai dai ina jan kunnen 'yan uwana mata: gwajin nan tantancewa ne. Idan ya nuna akwai matsala, dole a tabbatar da wani gwajin kafin a yanke kowace shawara. Na ga wadda ta kwana uku tana kuka a kan sakamakon da ba a yi mata bayaninsa ba, kuma laifinmu ne mu ma'aikata.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya mayar da ilimin inda ya aro shi. Ciwon dajin bayan hanci ya yi yawa a kudancin Sin, kuma yana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Lo da abokan aikinsa a jami'ar CUHK ta Hong Kong sun gwada jinin maza 20,174 da ba su da wata alamar ciwo. A rahotonsu na 2017, an sami 34 da cutar, kusan kashi 70 cikin 100 nasu tun tana matakin farko ko na biyu, lokacin da magani ya fi tasiri. A da, yawanci sai ta yi nisa ake gano ta. An ba shi lambar yabo ta Lasker, wadda ake ba masu binciken likitanci, a 2022.

Roƙona, ranka ya daɗe, shafinku na lafiya ya ware mako guda ya gayyato likitan mata ya yi bayanin gwajin nan na jinin masu ciki da Hausa dalla-dalla: wa ya kamata ta yi shi, a wane wata, me yake iya nunawa, me kuma ba ya iyawa. Ni zan yanke shafin in liƙa a bangon ɗakin awo, inda mata suke zaman jira.

Wassalam,
Wata ungozoma mai karanta jaridarku