Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Rage Ma'aikata

Assalamu alaikum, aminina. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, a can Fatakwal.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne kamfanin da ƙanenka yake aiki a Kakuri, a nan Kaduna, ya bi addini wajen sallamar ma'aikata, ciki har da shi ƙanen naka. Da gangan na jinkirta amsa, domin ka san garin nan: tun rikicin addini na shekarar 2000, mai hankali ba ya sakin irin wannan magana a majalisa sai ya auna ta.

Na zauna da ƙanenka da wani wakilin ƙungiyar ƙwadago, muka bi jerin sunayen ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne yawancin waɗanda aka sallama addininsu ɗaya, amma sashen ɗaukar kaya da aka rufe baki ɗaya dama su ne suka cika shi, saboda haka yawan kaɗai bai isa hujja ba. Abin dubawa shi ne mutum biyu masu aiki iri ɗaya: wa aka bari, wa aka sallama, kuma wa ya riga wani kama aiki. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa kamfani ya sanar da ƙungiya dalilin ragin da yawansa, sannan wanda ya shigo a ƙarshe shi ne zai fara fita, sai dai idan ƙwarewa ko riƙon amana sun bambanta su. Ƙanenka shi ne sabon shiga a rukuninsu. Na faɗa masa haka, ko da yake bai ji daɗi ba, na kuma ce ya mai da hankali kan kuɗin sallamarsa.

Abin da ya hana ni barci daban ne, kuma ban ji kowa yana zancensa ba. Mata biyu na ofishin lissafi an aika musu takardar sallama suna hutun haihuwa, alhali mazan da suka zo bayansu suna nan daram a kujerunsu. Sashe na 54 na dokar ya hana a ba mace takardar kora tana cikin wannan hutu. A ganina a nan wariyar take, tun da ga abokan kwatance, ga ranakun ɗaukar aiki a rubuce. Na shawarce su su adana takardunsu da shaidar albashi, su nemi lauya, domin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana zama a nan Kaduna, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ce take sauraron ƙarar wariya a wurin aiki.

Don Allah ka kira ƙanenka ka kwantar masa da hankali, domin ya fi jin maganarka. Ka gaida mai ɗaki da yara.

Naka amini,
daga Kaduna.