Barka da Sallah daga Biyana

Assalamu alaikum Baba da Umma. Ina yi muku barka da sallah tare da fatan Allah ya karɓi azuminmu, ya maimaita mana cikin lafiya. A nan Ostiriya yau ranar aiki ce kamar kowace rana, shaguna a buɗe, yara sun tafi makaranta, kuma duk tsawon hanyata babu wanda ya ce mini barka sai da na isa masallaci.

Jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba U6 na hau zuwa babban masallacin da ke bakin kogin Danub, kuma wannan layi ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na san Baba zai so jin labarinsa. Layin yana bin titin Gürtel, wanda ya zagaye tsakiyar birnin ta yamma, wani wuri a kan doguwar gadar bulo, wani wuri a ƙarƙashin ƙasa. An buɗe sashensa na Gürtel a 1898, zamanin Sarki Franz Joseph, kuma tashoshin da Otto Wagner ya zana suna nan har gobe da farin fentinsu da korayen ƙarafuna. Yanzu lantarki ke jan taragon, amma a farko kan jirgi mai tururi ne, irin aikin da marigayi Kaka ya ƙarar da ƙarfinsa a kai a lokon Zariya, wato gidan kawunan jirgi.

Na je takanas gidan adana tsofaffin jiragen ƙasa da ke Strasshof, a wajen gari, na ga ɗaya daga cikin irin kawunan jirgin da suka yi aiki a layin, mai lamba 30.33. Baba, ba shi da taragon kwal da ruwa a bayansa kamar waɗanda kake ba mu labari. Ruwansa yana cikin tankuna biyu a gefen tukunyar, kwal ɗinsa kuma a akwati bayan wurin direba, ya goya kayansa kamar mace da ɗanta. Hikimar ita ce gudunsa gaba da baya ɗaya ne, saboda haka idan ya kai ƙarshen layi ba sai an juya shi ba, sai dai a ɓalle shi a mayar da shi ɗaya ƙarshen. Injiniya Karl Gölsdorf ne ya tsara shi da manyan ƙafafu shida, da ƙanana biyu a gaba, biyu a baya, don ya iya kwana mai tsanani da hawa, ya kuma tashi da sauri, tunda tashoshin kusa suke da juna. Irinsa guda 113 aka ƙera tsakanin 1895 da 1901. Ƙarancin kwal a ƙarshen yaƙin duniya na farko ya tsayar da jigilar a 1918, sannan aka sa wa layin lantarki a 1925. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu kula da gidan suke goge kan jirgin suna shafa masa mai, har aka bar jikoki su ga abin da kakanninsu suka yi wa hidima.

Amma gaskiya yau tuwon loko nake kewa. Na san warhaka Umma ta kwashe tuwon shinkafa, miyar taushe ta sha kabewa da tantaƙwashi, kuma an ware babbar langar nan ta ma'aikatan reluwe da sallah ta same su a bakin aiki. Tun Baba yana yaro yake kai wa Kaka ita, ya same shi baƙi ƙirin da toka a gaban wuta, har aikin ya gangaro kanmu. Nakan tuna yadda Umma ke ɗaure langar da tsumma tana gargaɗina kada miya ta zube, da yadda dattawan ke wanke hannu suna sa mini albarka. A nan na sami shinkafa da kabewa, amma babu daddawa, babu kuma wanda zan kai wa. Wa ya ɗauki langar bana? Don Allah kada a bar wannan al'ada ta mutu.

A gaishe mini da Gwaggo da kyau, a tambayi ƙafarta, a ce mata man zafin da na yi alkawari yana tafe, kuma har yanzu da bargon da ta ba ni nake yaƙin sanyi. Ina gaida Yaya Babba da iyalinsa, da Kawu, da maƙwabta. Auta kuwa a faɗa masa na ɗauko masa hotunan kan jirgin ta kowane gefe, har da cikin wurin direba, kuma goron sallarsa yana hannun Yaya, kada ya yarda a rage masa ko sisi. Dattawan loko da suka rage a isar musu da gaisuwata ɗaya bayan ɗaya.

Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Naku,
Ɗanku na Biyana