Kar a sa wa nono shinge tsakanin jihohi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu ta hira nan Birnin Kebbi. Ni sana'ata yogot, na daɗe ina sayen madara hannun matan Fulani na rugagen wajen Ambursa da Kalgo, tau abin da zan faɗa da idona na gan shi. Wasu abokan sana'a sun dage wai gwamnatin jiha ta hana baƙi shigowa da mota suna kwasar madara, ta kuma hana yogot ɗin Kano da Kaduna da Legas cika mana shaguna, sannan a yanka farashi guda kowa ya bi. Wallahi ban yarda ba, ko da aljihuna ne zai fara jin daɗi.

Mun manta da 2021 ne? Lokacin da ƙungiyar dillalan shanu da kayan abinci ta tsai da kai kaya Kudu, can kaya sunka yi tsada, nan gida kuma tumatir da albasa sunka faɗi warwas, a tambayi manomin Aliero ya ba da labari. Mu da munka haɗa hannu da Legas a 2016 anka yi shinkafar Lake Rice, mu da kifin Yauri ke tafiya ko'ina, in munka rufe wa yogot ɗin wani ƙofa me zai hana shi ma ya rufe wa shinkafarmu?

Akwai wata dattijuwa da nake ce ma Gwaggo, ita ke kawo man madara tun ina da firiza guda. Da damina shanu sun ƙoshi, madara ta yi yawa, za ta taso tun asuba da ƙwarya bisa kai an rufe da faifai, ta ratso fadama ruwa har gwiwa, kafin ta iso rana ta take madarar ta fara juyawa, in na ce ba ni iya ɗauka duka sai ka ga ta zauna bakin shago shiru tana lissafi, don ta san ko nawa anka taya dole ta sallama, ba ta komawa da ita gida. Da rani kuma ni ke bin ta ina roƙo, saniya da ƙyar take ba da lita guda. Tau in anka kori baƙon da ke ƙara mata kuɗi, ni kaɗai zan rage, ni zan yanka mata yadda na ga dama. Ina adalci a nan? Kuma farashi guda na damina da rani ai a takarda kawai zai zauna.

An ma gwada irin wagga kariya a sama. A 2020 Babban Banki ya taƙaita ba da dala ta shigo da madara ga kamfanoni shida kacal, a 2024 anka janye. Duk tsawon lokacin Gwaggo ba ta ga canjin ko sisi ba, mu kuma buhun madarar gari sai hawa yake, kuma gaskiya da yawanmu da ita muke haɗa yogot don ba ta lalacewa. Na taɓa zubar da jarka uku na madarar shanu ranar da wuta ta ɗauke janareta kuma ya ƙi tashi, ran nan ko abinci ban iya ci ba.

Tunda a 2024 an ƙaddamar da manufar ƙasa kan madara an kuma kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo, roƙona ga gwamnatinmu ta jiha shi ne a kawo wuraren tara madara masu tankin sanyi na sola kusa da rugage, a zauna da ardo-ardo da matan da ke tatsa da mu masu saye a tsai da mafi ƙarancin kuɗin lita na kowane lokaci, a riƙa faɗi a rediyo kowa ya ji. Sannan a duba masu tare hanya da katako da rasit, don mai mashin ɗin da ke ɗauko man jarka sau uku yake tsayawa kafin ya shigo gari, madara na bayansa cikin rana.

Naku,
Mai sana'ar yogot, Birnin Kebbi