Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan asalin gidanmu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso, tare da hoton takardar wani Bature mai bayanin asalin danginmu Agalawa, wadda ka samo a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Na sa tabarau na karanta har sau uku. Na kuma ji ɗacin da ke cikin maganarka, inda ka ce ashe duk abin da Gwaggo take ba ku labari tun kuna yara tatsuniya ce. Ɗana, sassauta. Alƙali ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya, ko da shaidar nan takarda ce.

Ka fara tambayar wa ya rubuta, kuma me ya kawo shi. Baturen nan ƙiyasin haraji ya zo yi, ba neman kakanninka ba. Ta bakin tafinta ya ji, tafinta kuma daga dagaci, shi ko dagaci ya san duk kan da ya ƙaru a lissafi, shi za a tasa gaba ya nemo kuɗinsa. Ni kaina takardata cewa ta yi an haife ni 1 ga Janairu 1962, domin ranar da aka kai mu makaranta hedimasta sa ni ya yi na ɗora hannu ta saman kai na taɓo kunne, ya rubuta abin da ya ga dama. Kakarka kuwa, Allah ya jiƙanta, ta ce da kaka ta haife ni, ana yankan gero, shekarar da aka sami mulkin kai. To, tsakanin hatimi da wadda ta yi naƙuda, wa zan gaskata? Ko manyan rubuce-rubuce sukan saɓa. Littafin Tarihin Kano ya ce Wangarawa, malamai da fatake daga Mali, sun zo zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, amma rubutun da Wangarawan suka bari ya ce zamanin Muhammadu Rumfa ne, wanda ya hau a 1463.

Ba kuma ina ce maka baki ba ya kuskure ba. Baffanka yakan jero kakanni bakwai ya ce na bakwai ya ga Rumfa. Rumfa ya rasu a 1499, kuma mutum bakwai ba su cike shekara 500. Baki yakan tsallake wanda bai yi suna ba, ya haɗe masu suna ɗaya su koma mutum guda, ya kuma jingina gida da Gabas don a ji daɗi.

Amma ka saurari yadda Gwaggo take ɗaure labarinta. Ba ta san shekarun Bature ba, sai ta ce kakanta ya baro Gwanja lokacin da Salaga, babbar kasuwar goro ta can, ta watse. Yaƙin Salaga a 1892 aka yi shi, fataken goro suka fantsama Kumasi da Kete-Karachi, a ƙasar Ghana ta yau. Ta ce ya daina bin ayari bayan jirgin ƙasa ya zo Kano, wato 1911. Ta ce an haifi mahaifinmu da yunwar Kakalaba, wajen 1914. Ka ga duk turaku ne da za ka ɗaure akuyarka. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta riƙe maka su, ba ta saki ko ɗaya ba.

Na san abin da ya sosa maka rai shi ne layin da ya ce Agalawa asalinsu Buzaye ne da suka yi wa Abzinawa bauta, alhali Gwaggo ta ce kakanmu sharifi ne daga Agadas. Ka lura, su biyun duk arewa suka nuna, nan sun haɗu. Batun sharifta kuwa ban taɓa ganin abin da ya tabbatar da shi ba, kuma ba na so ka rataya wa gidanmu nasabar da ba tamu ba, don wannan ba ƙaramin abu ba ne a addini. Idan bincike ya tsaya a kan bauta, ka rubuta haka, kada hannunka ya yi rawa. Mutanen nan da jaki da ƙafa suka tako har Gwanja suka tsayar da kansu. Alhassan Ɗantata, da aka haifa a Bebeji a 1877, Ba'agale ne. Ni ban ga abin sunkuyar da kai a nan ba.

Cikin littafinka ka ware: wannan Gwaggo ta faɗa, wannan takarda ta faɗa, wannan kuma zatona ne. Kada ka gauraya su.

Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka je mata da takardar nan kana kaɗawa. Ka je da goro da turare, ka zauna a tabarma, ka kunna rikodar wayarka, ka bar ta ta yi ta zuba ko da ta maimaita. Ka tambaye ta sunayen mata, su ne ake fara mantawa. Ƙarfinta yana raguwa, bana ko azumi ba ta iya ba.

In ka zo hutun Sallah zan buɗe maka adakar mahaifina. Akwai Alƙur'aninsa na hannu a cikin gafaka, a bangon ƙarshe ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami. Gara ta ci gefe guda, don haka ka taho da wanda ya iya karatun warash sosai.

Innarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.