Sikanin ya rage mana wahala, masu kumburin hanji

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan bani fili. Shekarata 6 ina fama da cutar Crohn, irin kumburin hanjin nan mai lafawa ya dawo. Duk wanda aka taɓa yi masa kolonoskofi, wato duba cikin hanji da kyamara ta dubura, ya san ba ma zura kyamarar ce matsala ba, maganin wanke hanjin ne, ka kwana kana zarya tsakanin gado da bayi, ga yunwa, gari ya waye jiki duk ya mutu.

Kwanaki likitana ya ce mu gwada sikanin, irin na masu juna biyu. Wallahi ban ɗauka zai nuna komai ba. Ya shafa min wani man mai sanyi a ciki, ya juyo min allon yana nuna min kaurin bangon hanjina, wai idan ya haura milimita 3 alamar kumburi ce, minti 20 bai cika ba na tashi, ba allurar barci ba komai.

Gaskiya dai baya ganin can ƙarshen hanji sosai, kuma ba'a iya yankar tsoka dashi a kai gwaji, don haka kolonoskofi na nan daram. Amma don bibiyar ciwon tsakanin wannan kolonoskofi da na gaba, sikanin na da amfani, likitoci ku taimaka ku koyi wannan aikin.

Naku,
Wani majinyaci